Wasan labari mai hoto na almarar kimiyya don manya: ta ina ake kamo bakin zaren?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata ga waɗanda suka san harkar wasan labari mai hoto ce, irin wanda ake karantawa a kwamfuta ko waya, hotuna na canzawa, kiɗa na tashi, in an kai wata gaɓa a ba mai karatu zaɓi. A ce mutum uku ne: marubuci, mai zane da mai rubuta lambobin wasa. Labarin almarar kimiyya ne, a wata tashar haƙar ma'adinai a duniyar Mars, kuma na manya ne. Akwai kisa, cin amana, rikicin shugabanci da rayuwar ma'aurata. Tsarin shi ne taurari 8, wato manyan mutanen labarin, ƙarshen labari iri 12, da sabon babi kowane wata a Patreon, shafin da masoya ke biyan kuɗi don tallafa wa masu aiki. Zai yiwu kuwa? Da me ya kamata a fara?

Tsohon Marubuci:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, wannan ɗaukar Dala ba gammo ce. Fara da lissafi kafin ka taɓa kwamfuta. Idan kowane zaɓi yana raba labari gida biyu, kuma rassan ba sa sake haɗuwa, zaɓi 10 kacal sun haifar maka da hanyoyi 1,024. Ba wanda ke rubuta wannan. Abin da ake yi shi ne a bar gangar jikin labari ɗaya, rassa su fita na ɗan lokaci su dawo, a ɓoye kuma ana tara maki. Sai a kashi na ƙarshe makin ya yanke wa mai karatu inda zai faɗa.

Ƙarshe 3 ko 4 da aka rubuta da kyau sun isa. Taurari kuma 4 ko 5. Ga ma'auni: mai karanta kalma 200 a minti zai cinye kalma 12,000 a awa ɗaya. Wasan awa 5 a hanya guda kenan kalma 60,000, ba a ƙidaya rassan da bai bi ba. Marubucinku ya zauna ya duba kalma nawa yake iya kammalawa, da gyara, a mako, sannan ku yi maganar kowane wata.

Mai Lambobi:
Malam ya faɗi gaskiya. Kan manhaja ba sai an yi dogon tunani ba, Ren'Py ce. Kyauta ce, an gina ta a kan harshen kwamfuta na Python, tun 2004 ake amfani da ita, kuma daga aiki ɗaya tana fitar wa Windows, Mac, Linux, Android da burauza. Ku ɗauki jerin na 8, shi ne ke kan Python 3.

Abu na farko da ke kayar da sababbi shi ne bambancin `define` da `default`, umarni biyu na sa wa abu ƙima a Ren'Py. Duk abin da ba zai canza ba, kamar sunan tauraro da launin rubutunsa, `define` ne. Duk abin da zai canza a cikin wasa, makin amana, ko an ga wani sirri, ko wane ne ya mutu, `default` ne. Wanda ya sa maki a `define` zai ga komai lafiya a gwaji, sai mai wasa ya ajiye ya rufe ya dawo, ya tarar makin ya koma yadda aka fara. Dalili kuwa Ren'Py ba ta sa abin da aka yi wa `define` a cikin ajiya.

'Yar Fenti:
Kafin ku yi nisa da lambobi, Injiniya, bari in tambayi mai tambaya: me kake nufi da "na manya"? Domin amsar ita ce za ta yanke irin zanen, inda za a sayar, har da ko kuɗi zai iso hannunku.

Sabon Shiga:
Anti, jigogi ne masu nauyi. Jini, azabtarwa, maganganun da ba na yara ba. Ba a yanke ko za a nuna tsiraici ba tukuna.

Alhajin Kasuwa:
To ku yanke yau, kada ku bari sai babi na huɗu. Hanyoyi biyu ne mabambanta.

A Steam, babban shagon wasannin kwamfuta na intanet, akwai takardar tambayoyi kan abin da ke cikin wasa. Wasan da ke da tashin hankali, jini ko jigogin manya yana fitowa a shago kamar kowa, sai dai a sa masa gargaɗi. Wanda aka yi wa alamar batsa zalla kuwa a ɓoye yake, ba mai ganinsa sai wanda ya shiga asusunsa ya buɗe wannan rukunin da kansa, kuma a Jamus ba a nuna shi sam. Google Play da shagon Apple ba sa karɓar irinsa. A Yulin 2025 Steam ta ƙara doka cewa ba ta karɓar abin da ya saɓa wa ƙa'idojin kamfanonin katin biyan kuɗi da bankuna, ta sauke wasu wasanni, a watan kuma itch.io, wani shagon wasannin, ta cire wasannin batsa daga sakamakon bincikenta saboda matsin lamba iri ɗaya. Wato wanda ya gina sana'arsa a wannan ɓangaren, dokar da zai kwana a kanta ba lallai ita zai tashi da ita ba. Ban ma shiga maganar addini da dokar inda mutum yake zaune ba, wannan kowa ya san nasa.

Shawarata: labari mai nauyi, shekara 18 zuwa sama, ba tare da batsa ba. Kasuwar ta fi faɗi kuma an fi barci da ido biyu a rufe. Kowace hanya kuka bi dai, duk tauraron da ke cikin soyayya ya zama baligi a labari kuma baligi a zane. Rubuta "shekarunta 20" a ƙarƙashin fuskar yarinya ba ya tsallakar da kowa.

Tsohon Marubuci:
Na yarda da Alhaji, amma da wani dalili daban. Labarin manya yana samun ƙarfinsa ne daga zaɓin da ba shi da daɗi ko ta ina. Kuma a nan kimiyyar ke yi maka aiki kyauta, in ka riƙe ta da gaske.

Ɗauki Mars ɗin. Saƙo daga can zuwa duniyarmu yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Babu hira ta waya kenan. Idan iska ta fara zuba a ɗakin kwana na tasha, shugaba ba zai iya jiran umarni daga gida ba, tambaya da amsa za su iya cin minti 44. Dole ya yanke ko zai rufe ƙofa da mutum biyu a ciki. Ga zaɓinka nan, ba ka ƙirƙiro dodo ba. Kusan kowane wata 26 ne kuma hanya ke buɗewa ta tura jirgi, saboda haka wanda ya yi kisa a tashar zai ci gaba da cin abinci da dangin mamacin fiye da shekara. Nauyin jiki a can kashi 38 ne cikin ɗari na nan, yini kuma awa 24 da minti 39.

Rubuta dokokin duniyarka a shafi ɗaya ko biyu: iska daga ina, ruwa daga ina, wa ke riƙe da mabuɗi, me na'ura ke iya yi, me ba ta iyawa. Masu son almarar kimiyya suna yafe ƙarya babba guda ɗaya idan an sanar da ita tun farko. Abin da ba sa yafewa shi ne a karya dokar a babi na shida don a ceci jarumi. Kuma don Allah kada a buɗe wasa da shafi goma na tarihin yaƙin shekara ta kaza. A sa wannan a kundin bayani na gefe, mai so ya buɗe.

'Yar Fenti:
Malam, kana rubuta "ya rufe ƙofa" a layi ɗaya, mai zane kuma ya kwana uku a kai. Bari in kawo nawa lissafin.

Taurari 5, kowa da kaya 3 da yanayin fuska 8: in aka zana kowane a matsayin cikakken hoto, 120 kenan. In aka raba shi falle-falle, jiki daban, kaya daban, fuska daban, guda 12 ne ga kowane tauraro, 60 duka. Ren'Py na da `layeredimage` da ke haɗa su da kanta. Sharaɗin shi ne duk fallayen tauraro ɗaya su fita da girman fili iri ɗaya, ba a yanke gefe ba, in ba haka ba ido zai sauka a kan kunci.

Tashar da ke rufe rahama ce ga mai zane. Wurare 10 zuwa 12 sun riƙe labarin duka: ɗakin sarrafawa, wurin cin abinci, lambun cikin gilashi, ramin haƙa, asibiti. Kowane a yi masa haske uku, na yau da kullum, na dare, da jan hasken gaggawa. Canza haske ya fi sabon zane sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai zaɓi tsakanin zanen hannu da hoton 3D da kwamfuta ke fitarwa. Zanen hannu a Krita ko Clip Studio Paint yana ba wasa fuskarsa ta kansa, amma yana da jinkiri. Daz Studio, na hoton 3D, yana da sauri in an iya shi, sai dai mutane sun gaji da ganin fuskoki iri ɗaya daga wasa zuwa wasa, dole a zauna a sauya hanci, haɓa, fata da gashi. Injinsa na fitar da hoto, Iray, da katin hoto na NVIDIA yake aiki, kuma in fage ya fi ƙarfin ma'adanar katin sai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, hoton minti goma ya koma na awanni. Mutum uku ko huɗu a fage ɗaya da fata mai girman 4K sun isa su jawo haka a ƙaramin kati. Magani: a rage girman fatar waɗanda ke nesa da kyamara zuwa rabi, a ɓoye duk abin da kyamara ba ta gani, ko a fitar da wuri daban mutane daban a haɗa daga baya. Inda wuta ba ta tsayawa kuma, kada a jera hoto 40 a layi ɗaya a tafi barci ba tare da inbata ba.

A kula da lasisi ma. Lasisin Daz na yau da kullum ya halatta hotunan da ka fitar, amma sa ainihin siffar 3D ɗin a cikin wasa yana buƙatar wani lasisi na daban. Ga wasan labari mai hoto, na farkon ya wadatar.

Sabon Shiga:
Anti, to hotunan basirar na'ura fa? Ba za su rage wahala ba?

'Yar Fenti:
Za su rage a hoto na farko, su ƙara a na hamsin. Matsalar ita ce riƙe fuska ɗaya, kaya ɗaya da ɗaki ɗaya a ɗaruruwan hotuna. Mai karatu zai lura maɓallin riga ya koma hagu, ƙofa ta canza wuri. Kuma tun farkon 2024 Steam na buƙatar a bayyana amfani da su, bayanin kuma yana fitowa a shafin wasa. Da yawa daga masu sayen irin waɗannan wasanni suna juya baya da sun gani.

Mai Lambobi:
Ni abin da nake so mu daɗe a kansa shi ne ajiya, domin wasan da ake fitarwa babi-babi nan ne yake mutuwa. Mutum ya yi awa shida yana zaɓi, sabon babi ya fito, ya buɗe ajiyarsa ya ga farin allo da rubutun kuskure. Ba zai sake daga farko ba, zai tafi ne shiru.

Ga yadda abin yake. Ren'Py na ba kowane layin umarni suna na ɓoye, tana adana sunayen a fayilolin `.rpyc`. Ajiyar mai wasa tana nuni ne ga waɗannan sunaye. In ka goge `.rpyc` ka bari aka sake ƙirƙirarsu daga sifili, sunayen sun canza, tsofaffin ajiya sun ɓace hanya. Saboda haka bayan kowace fitarwa, a kwafi `.rpyc` na sigar da aka saki a zuba a babban fayil mai suna `old-game` a gefen `game`, Ren'Py za ta duba can ta riƙe sunayen. A wajen gina wasa kuma a bar zaɓin da ke ƙara `from` a kan kowane `call` a kunne, shi ke sa wasa ya san inda zai koma bayan an gyara rubutun da ke kewaye.

Kada a canza sunan `label`, wato alamar farkon sashe a rubutun wasa, da aka riga aka saki. Kada a canza ma'anar maki a tsakiyar tafiya. In an ƙara sabon abu da `default`, tsohuwar ajiya za ta karɓe shi da kanta, wannan ba matsala. In kuwa dole a gyara tsohon ƙima, a yi shi a `label after_load`, wanda ke gudana da an buɗe ajiya, tare da lambar siga da za a duba don kada gyaran ya maimaitu. A ƙarshen kowane babi a tsayar da mai wasa a allo guda a ce ya ajiye nan, sannan babi na gaba ya ɗora daga wannan wurin daidai.

Kafin saki: a gudanar da Lint, mai binciken kurakurai, daga allon farko na Ren'Py, zai kamo hoton da aka kira babu shi da `jump` da ba ya zuwa ko'ina. A riƙe ajiya ɗaya daga ƙarshen kowace tsohuwar siga a buɗe su duka. A bi kowane reshe da gudu da maɓallin Ctrl. Duk aikin kuma ya zauna a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, ba a filasha ba.

Alhajin Kasuwa:
Injiniya, girman fayil fa? Masu karatu da yawa a waya suke, data kuma ba kyauta ba ce.

Mai Lambobi:
Alhaji, hoto mai 1920 da 1080 a PNG yana iya kai megabait 2 ko 3. Dubu ɗaya irinsa ya doshi gigabait 3. A mayar da su WebP a inganci 85 zuwa 90, girman ya faɗi ƙasa sosai ba tare da ido ya gane ba. Sauti a Opus ko Ogg, bidiyo a WebM. A `gui.rpy` akwai sashe na ƙananan allo, a ƙara girman rubutu da na maɓallan zaɓi a can, a gwada a waya mai araha ba a ta mai zane ba.

In za a yi sigar Hausa, a gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun ranar farko. DejaVu Sans da ke zuwa da Ren'Py yana da su, Noto Sans ma haka. Yawancin haruffan ado masu kama da na jirgin sama jannati ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar "ƙofa". Fassara kuma akwai maɓallin da ke fitar da duk layuka zuwa babban fayil mai suna `tl`, amma a bari sai rubutu ya zauna, domin gyara layi a asali yana raba shi da fassararsa.

Tsohon Marubuci:
Saura maganar kowane wata. Ni ina ganin a gama wasan duka a sake shi sau ɗaya. Labarin da ake rubutawa ana kallon masu biya yana lanƙwashewa. Tauraruwar da aka shirya za ta mutu a babi na uku sai a ga an fi sonta, a bar ta da rai, labarin ya rasa ƙashin bayansa.

Alhajin Kasuwa:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Mutum uku da ba a san su ba, su yi shekara biyu a ɓoye, su fito ranar saki, wa zai saya? Jama'a ana tara su ne tun ana gini. Abin da za a gyara shi ne alƙawari, ba a daina hulɗa ba.

A fara da ɗanɗano kyauta na minti 30 zuwa 45 a itch.io, wanda zai ƙare a kan zaɓi mai zafi, irin na rufe ƙofar nan. A buɗe shafin "yana tafe" a Steam da wuri domin mutane su sa shi a jerin abin da suke jira, su ne Steam za ta aika wa saƙo ranar saki. Kuɗin shiga dala 100 ne ga kowane wasa, ana mayar da shi bayan cinikin ya kai dala 1,000, Steam kuma na ɗaukar kashi 30. itch.io kashi 10 ta saba ɗauka, mai wasa na iya canzawa. Bikin Next Fest na Steam, inda ake baje ɗanɗanon wasannin da ke tafe, ana yinsa a Fabrairu, Yuni da Oktoba, kuma sau ɗaya tak wasa ke shiga, saboda haka kada a ƙona shi da ɗanɗanon da bai nuna ba. A tuna kuma mai saye na iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 in bai kai awa 2 yana wasa ba. Wasan da ake gamawa a awa ɗaya da rabi ya buɗe wa kansa ƙofar asara.

A Patreon kuwa, babi duk wata uku, rahoto duk mako. Rahoton ya zama na lamba: an rubuta fage 9 cikin 14, an gama hoto 60 cikin 150. Masu biya suna jure jinkiri in suna ganin motsi, shiru na wata biyu ne ke sa su janye. Matakan biya uku sun isa: rahoto da zanen gwaji, samun babi mako biyu kafin kowa, da suna a jerin godiya. Kada a sayar da "za mu sa ka a cikin labari" ga mutum ashirin, bashi ne da mai zane zai biya.

'Yar Fenti:
Tsakanin Malam da Alhaji akwai wurin tsayawa. A rubuta ƙashin labarin duka, har ƙarshe, kafin a buɗe Patreon, a kulle shi. Ƙuri'a kuma a ba jama'a a kan abin da ba ya taɓa ƙashin: kayan da tauraro zai sa, wane ne zai samu ɗan gajeren labarin gefe, wane hoto za a yi wa fuskar waya. Wa zai mutu, wa zai ci amana, wannan ba a kai shi akwatin zaɓe.

Tsohon Marubuci:
In an kulle ƙashin da gaske, na sassauta. Amma masu surutu a Discord, manhajar zauren hira, ba su ne duk masu karatu ba. Mutum goma na iya cika zaure da buƙata ɗaya, ɗaruruwa na karatu ba su ce uffan ba. Ƙorafin da ya cancanci a tashi tsaye shi ne wanda ya zo daga mutanen da ba su san juna ba a kan wuri ɗaya: "ban gane dalilin da ta yafe masa ba." Su sukan gane inda ke ciwo daidai, maganin da suke kawowa ne yawanci ba daidai ba.

Mai Gida:
Tunda an ambaci Discord: wasan manya yana buƙatar a sa wa ɗakunan alamar shekaru, a ware ɗakin masu tona labari, a ware na kai rahoton matsala, a kuma samu mai tsawatarwa wanda ba ya cikin masu ginin. A allon farko na wasa a jera gargaɗin abin da ke ciki, azabtarwa, kisan kai da makamantansu, ba tare da an tona wanda abin zai faɗa wa ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe, Alhaji: kuɗin ta yaya yake isowa ga wanda ke Najeriya?

Alhajin Kasuwa:
Steam na biya da dala ta banki, wata-wata, in kuɗin ya kai dala 100, saboda haka ana buƙatar asusun da ke karɓar dala, kuma sunan asusun ya yi daidai da sunan da aka yi rajista da shi. itch.io na biya ta PayPal ko Payoneer. Dukansu za su sa a cike takardar harajin Amurka, kuma tunda Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana cire harajin kashi 30, a Steam daga rabon da ya fito daga masu saye na can. A sa wannan a lissafi tun yanzu. Ku ukun kuma ku rubuta takarda ku sa hannu kafin dala ta farko ta shigo: kason kowa, wa ke riƙe da asusun, da kuma wa ke da haƙƙin zane da rubutu in ɗaya ya bar aikin a babi na biyu.